Ba a Buɗe Ruwa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗana, saƙonka ya same ni lafiya, mutanen gida duk suna amsawa. Ka ce da ka zo hutun kaka, kai da abokanka kun gangara tafki da gidan sauro za ku ja kifi, sai tsohon nan mai jiran ruwa ya tare ku ya ce ba a buɗe ruwa ba. Ka ce abin ya tsaya maka a rai, domin ga kifi yana watsal-watsal a gabanku, ruwan kuma ko an kama ko ba a kama ba, nan da wata huɗu ƙafewa zai yi. Sai ka tambaye ni ko wannan ba camfi ba ne da ya rage tun zamanin maguzanci, da kuma dalilin da ya sa masu haƙon gaiwa da rani suke kewaye tsakiyar tafkin ba sa taɓa shi. Na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka yi wa tsohon rashin kunya ka wuce. Amsar tana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni.

Abu na farko, ka cire kogi daga ranka. Kai ka saba da Kwara a Yamai, ruwan da ke tahowa tun daga tsaunukan Gini, ya ragu ya ƙaru amma bai yankewa. Tafkinmu na nan gabashin Damagaram ba shi da uwa sai sama. Kwari ne mai laka a tsakanin tuddan rairayi, ruwan damina ya gangaro ta koramu ya taru a ciki, laka ta riƙe shi. In shekara ta yi kyau ya kai mu ƙarshen ɗari, in ba ta yi ba ana gama yankan gero sai ka ga gindinsa. Bayan nan wata biyar ko shida ƙasa ce busasshiya, ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, jaki ya bi ta kai da kaya. Ka ga duk abin da ke rayuwa a cikin ruwan nan sai ya san yadda zai yi da rabin shekarar da babu ruwan. Al'adar da ka yi karo da ita daga nan ta taso.

Ka taɓa kwana a gari daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi? Ina jin ba ka taɓa ba, kullum lokacin kana makaranta. Da la'asar wurin shiru, ko tsuntsu babu. Hadari ya taso daga gabas, a sha ruwa zuwa tsakar dare, kafin asuba kuwa ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai don kukan kwaɗi. Muna yara mukan tambayi manya daga ina suka fito, wasu su ce mana da ruwan sama suke faɗowa. Ba daga sama ba ne, daga ƙarƙashin ƙafarmu ne. Burduddugi tun da ruwan bara ya ja baya ya tona ƙasa ya shige, ya lulluɓe kansa da saɓar jikinsa, ya yi lamo yana jira. Ruwa na ratsa ƙasa ya iske shi sai ya fito, a daren nan su yi ta kiran juna, kwana kaɗan ka ga bakin tafki ya yi baƙi da talibambam. Gaggawa suke, domin ba su san kwanan ruwan ba.

Gaiwa kuwa ita ce malamar wannan sana'a, bari in ɗan daɗe a kanta. Ina da shekara kamar goma kakanka, Allah ya jiƙansa, ya tafi da ni haƙonta da bazara. Rana ta take, ƙasa tana ƙona ƙafa. Yana tafe a duƙe yana duba ƙasa kamar wanda ya yar da allura, can sai ya tsaya ya nuna mini wani ɗan toshi na laka mai ƙaramar kafa a jiki. Ya ce in tsuguna. Ya sa dagi ya kewaye wurin a hankali, ya ɓanɓaro dunƙulen laka mai tauri kamar tubali, ya fasa shi a gabana. Sai ga kifi a naɗe, wutsiya ta rufe kai, cikin wata 'yar jaka ruwan ƙasa-ƙasa mai kama da busasshen ganye. Na ɗauka matacciya ce. Ya jefa ta cikin ƙwarya ya zuba ruwan goranmu, muka zauna a inuwar bagaruwa. Ba mu daɗe ba sai ta motsa, ta miƙe, ta ɗago baki sama ta shaƙi iska. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙwaryar nan.

Daga baya da na yi karatu na gane yadda abin yake. Gaiwa huhu gare ta, iska take shaƙa kamar ni da kai, har in ka danne ta ƙarƙashin ruwa ka hana ta ɗagowa, mutuwa za ta yi. In ruwa ya fara ja sai ta nutsa cikin taɓo tun yana da laushi, ta naɗe, yauƙin jikinta ya bushe ya zama jakar nan, ta bar 'yar kafa ta numfashi zuwa sama. Ba ci ba sha. Mutanenmu na cewa gaiwa jikinta take ci, kuma ba su yi ƙarya ba, naman jikinta ne ke narkewa kaɗan-kaɗan yana riƙe ta, shi ya sa in ta fito da damina take a rame. Tana iya wuce shekara a haka in ruwa bai zo ba. In ya zo kuma su haƙa gurbi a cikin ciyawa su zuba ƙwai, namijin ne ke tsayawa gadi har 'ya'yan su yi wayo. Akwai ma wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye masu launi da ba sa ko wannan wahalar: iyayen su mutu tare da ruwan, ƙwansu ya kwana rani cikin busasshiyar laka, ya ƙyanƙyashe da ruwan baɗi.

To, a ranar nan mun haƙa guda huɗu a gefe-gefe. Na hango tsakiya, inda ruwa ke ƙarewa daga ƙarshe, na ga alamun sun fi yawa can, na ce Baba mu je. Ya riƙe hannuna ya ce, wancan iri ne. Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban buƙaci ƙari ba, don ɗan manomi ya san ko yunwa ta kai ina, ba a daka damin iri. Amsar tambayarka ta biyu ke nan. Tafkin da aka haƙe gaiwarsa kaf ba shi da inda zai samo wata, sai ko shekarar da aka yi ambaliya korama ta haɗa shi da wani ruwan, kuma irin wannan shekarar ba kullum take zuwa ba.

Rufe ruwa da damina da kaka shi ma lissafin nan ne. Tarwaɗa da karfasa ba su iya kwanan rani cikin busasshiyar ƙasa ba, ko ambaliya ta kawo su, ko ma'aikatan gandun daji su zo su zuba 'ya'yansu, kamar yadda ake yi wa tafkuna da yawa a ƙasar nan. Lokacin da kuka je, abin da ka gani yana watsal-watsal yawancinsa bai fi ɗan yatsa ba. Ka bar shi wata uku yana cin tsutsa da ƙwari da ciyawar ruwa, ka komo ka same shi kamar damtse. Abin da za ku cika roba da shi ku soya ku cinye a dare ɗaya, shi ne kwandunan gari guda da ɗari. Gidan sauro kuwa, ɗana, ba na ɓoye maka, raina ya ɓaci da na ji. Ba ya barin komai, ƙwai da talibambam da 'ya'yan kifi duk kwashewa yake, ga shi kuma da magani a jikinsa. An ba mu shi don 'ya'yanmu su kwana ba zazzaɓi. Komar kakanninmu idonta manya ne, ƙaramin kifi ya bi ta ciki ya wuce, kuma da gangan suka saƙa ta haka.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan a wurina, shi ne adalci. In an ce kowa ya shiga ran da ya ga dama, wa zai ci ruwan? Mai taru, da mai samari biyar a gida, da wanda ba ya zuwa gona. Mai gona yana can yana fama da yankan gero da ɗaurin dami, kafin ya juyo an share. Amma in Sarkin Ruwa ya sa rana, aka yi shela a kasuwa, ƙauyukan kewaye suka ji, sai kowa ya zo da komarsa da goransa, a jeru a baki, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da izini. A shiga tare a fito tare. Tsohuwar da ba ta da mai shigar mata, da mai jego, da liman, da baƙon da ya kwana a gari, duk sai an ɗebar musu. Na ga shekarar da maraya mai koma yagaggiya ya fito da tarwaɗar da ta fi ta kowa, gari ya ɗauki sowa. Ba mu kaɗai ke yi ba. Bikin Argungu da duniya ta sani, wanda ya samo wannan siffa tun 1934, asalinsa ke nan: a hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe.

Yanzu maganar camfi. Ba zan ce maka babu ba, don na gani da idona. Ina yaro akwai gidan da suke cewa su ke da alkawari da mutanen ruwa, kafin a buɗe sai sun je da asuba da baƙin bunsuru ko kaza sun zubar da jini a gindin wata tsamiya. Ana kuma tsorata yara cewa wanda ya saci ruwa zai haukace ko cikinsa ya kumbura. Malamai suka yi ta wa'azi har aka bari, kuma sun yi daidai, yanka don wanin Allah ba abin da Musulmi zai kare ba ne. Yau addu'a ake yi, a raba sadakar gumba, a shafa fatiha. Abin da nake so ka lura da shi, da aka jefar da yankan ba a jefar da dokar ba, don dattawan sun san dokar ba a kan bunsurun take tsaye ba. Matasa da yawa masu karatu, na boko da na addini, sukan haɗa su su yi watsi da duka, ni kuwa ina ganin kuskure ne babba. Addinin nan shi ya gaya mana mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Shi ya hana ɓarna, har kwaɗo an hana kashe shi. Mai gari da jama'arsa in suka haɗu a kan jinkirta su don amfanin kowa, ina shirka a ciki?

Kuma tafkin ba namu ne mu kaɗai ba. Ka tashi da sassafe da kaka, kafin shanu su tattake bakin ruwa, ka karanta sawu a taɓo: na dila, na bushiya, na guza da jan wutsiyarsa a tsakiya, na zabin daji kamar an yi rubutu. A da har na barewa da na gadu. Maharban garinmu ba sa kafa tarko a mashaya, suna cewa naman da ƙishirwa ta kawo baƙo ne, in kana da jarumta ka bi shi daji. Shamuwa ka san matsayinta. Tana isowa da bazara, ganinta ne ke sa manomi ya fiddo kayan shuka, ta yi sheƙa a kan tsamiyar tsakar gari ko kan shigifa, ba yaron da zai ɗauki ƙwanta bai sha bulala ba. Ita kuwa ta biya kuɗin masauki da cin fara da tsutsar gona, ta sha a tafki ta tsinci kwaɗi, in kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Tana tafiya wasu baƙin na sauka. Ban da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela da muka saba da su, akwai ƙananan agwagi da tsuntsaye masu dogayen ƙafa da ke baro Turai in sanyi ya kama can, su ƙetare hamadar Sahara, ruwan farko da za su gani bayan wannan tafiyar shi ne irin namu. Wani lokaci akan sami mai zobe a ƙafa da rubutun Turawa. Saboda irinsu ne a 2005 aka sa tafkin Tabalak na jihar Tawa da na Lasuri a nan Damagaram cikin jerin wuraren ruwan da duniya ta yi yarjejeniyar karewa. Gauraka ce ke sa ni baƙin ciki. Ina yaro kukanta ke tashinmu, muna laɓewa mu kalli rawarsu bibbiyu a bakin ruwa. Rabona da ganinta a tafkinmu har na manta. An kama an sayar wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida, an sare itatuwan da take kwana, an nome inda take ƙwai. A Najeriya ma, da ta ɗauke ta tsuntsuwar ƙasa, sai an sha wuya ake ganinta a daji.

Makiyaya kuma rayuwarsu duk a kan irin ruwan nan take juyawa. Da damina Fulani da Buzaye suke hawa arewa su ba manoma wuri, har Azawak da Ingal inda ake taron shan gishiri wajen watan Satumba. Abin da ke ba su damar wannan tafiyar shi ne tafkunan da ke cika a hanya. Suna ƙafewa, dabbobi na gangarowa. A al'adarsu da tamu rijiya tana da mai ita, sai ka nemi izini, amma tafki na Allah ne, ba a hana kowa. Shi ya sa aka bar burtali har bakin ruwa aka ce kada a noma shi. Duk rigimar manomi da makiyayi da na gani a rayuwata, in ka bi diddigi, ko burtali aka cinye ko lambu aka kewaye mashaya da shi.

Kada ka ce Kawu na yabon duk abin da aka gada. Mun sha ruwan nan yadda yake, shanu na fitsari a gefe muna kamfata, kurkunu ya yi ta kwantar da mutane daidai lokacin noma. Innarku babba ta yi wata biyu ba ta taka ƙasa ba, ana naɗe zaren a tsinke kaɗan-kaɗan kullum tana kuka. Muna cewa ƙaddara ce ko sammu, ashe wasu 'yan ƙwari ne a cikin ruwan da ƙyallen tacewa ke tarewa. Da aka dage da tacewa da haƙa rijiyoyi, a 2013 aka tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da shi. Tsargiya kuma tana nan har yau, ta dodon koɗi take bi ta shiga jikin mai wanka, amma a da yaro in ya fara fitsarin jini sai a ce ya girma. Wannan jahilci ne, ba na kewarsa. In ka zo ka ga yaran gidanmu na iyo, ka tambayi iyayensu ko sun karɓi maganin.

Abin da ya raunana dokar ruwa a idona yunwa ce. Farin 1973 da 1974 ya girgiza mu, na 1984, wanda mutane ke kira El-Buhari, ya ƙarasa. A shekarar tafkin bai ko rufe gindinsa ba. Mata suka tone bado har saiwa, maza suka haƙe gaiwa har tsakiya, Sarkin Ruwa na kallo bai ce uffan ba, kuma ban ga laifinsa ba, mutum na binne 'ya'yansa ba ka ce masa iri. Amma mun yi shekaru bayan nan ba gaiwar kirki. Daga nan aka shiga noman rani gadan-gadan, wanda ya ceci mutane da yawa, sai dai injin ban-ruwa a mako guda yana shanye abin da shanu za su sha wata. Aka sare bagaruwar da ke tsaye cikin ruwa aka yi itace, 'ya'yanta da majema ke saye ma aka rasa. Tuddai suka tsiraita, kowace damina korama ta kwaso rairayi ta zuba. Inda ruwa ke shanye ni da hannu a sama, yau da ƙyar ya kai ƙirjin yaro. Ga masu tubali na kwasar laka, ga masu sayen kwaɗi buhu-buhu su ƙyafe su kai kurmi. Wata shekara wani ya zo da dare ya zuba maganin ƙwari don ya kwashi kifi a sauƙaƙe. Da safe na je na tsaya. Ruwan ya yi fari da cikin kifi, har kififiya ta juye, balbelu biyu a mace a gefe, awakin wata baiwar Allah uku suka sha suka mutu. Na koma gida ban iya karyawa ba.

Tsohon da ya tare ku yana wurin a ranar. Tun daga lokacin yake kwana a rumfar nan ta bakin ruwa daga damina har a buɗe, ba mai biyansa ko dala, sai ɗan abin da aka ɗebar masa ran su. Sa'an mahaifinka ne, tare aka yi musu kaciya. In ka zo ka sayi goro ka je ka gaishe shi, ka zauna ya nuna maka yadda ake gane kafar gaiwa, don idona ya yi rauni, ba zan iya nuna maka da kaina ba.

Bana ruwa ya yi auki, mai gari ya ce ana sa ran buɗewa cikin ɗari, bayan an gama kai amfanin gona rumbu. Da an sa rana zan sa ƙanenka ya kira ka. Komar kakanka tana nan rataye a zaure, na ba da an ɗinke inda ɓera ya ci, goran ne dai ya tsage sai mun nemi wani a kasuwa. Ka taho da rigar sanyi, da asuba ake jeruwa. Ka gaida mahaifiyarka da kyau, ka ce mata zumar da ta aiko ta iso.

Kawunka.